Gaisuwar da Ban Amsa Ba

Inda ƙauyenmu yake a da, yanzu babban titi ne, da wasu dogayen gine-gine, da filin ajiye motoci. Dutsen ƙauyen ne kawai ya gagari masu ginin. Yana nan a bayan gine-ginen, sai dai an gutsure masa gefe guda. Duk wanda na nuna wa wurin na ce nan aka binne cibiyata, sai ya yi mini murmushin wanda ba ya so ya ƙaryata babba. Ba na jin haushi, don ni kaina sai na tsaya na auna daga dutsen kafin na gane ta inda ƙofar gidanmu take kallo.

A gidan nan na tashi a hannun kakata, mahaifiyar babana. Sunanta Laraba, ni ma Laraba, saboda haka ba ta taɓa kirana da komai ba sai Takwara. Mu Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke ce wa Gwari. Mahaifiyata kuwa Bahaushiya ce daga tsohuwar Abuja, garin da daga baya aka karɓe wa suna aka koma kiransa Suleja. A bakinta na ɗauki harshe. Yaren babana ina ji sarai, amma da na buɗe baki sai yara su kwashe da dariya, don haka Kaka ta koma yi mini tatsuniya da Hausa. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace. Da ni da akuya da sarki, duk "kai" take ce mana.

Bayan magariba ake hura wutar, a tsakar gida, tsakanin rumbuna biyu. Idan lokacin sabuwar doya ne, Kaka za ta tura biyu ko uku cikin garwashi, tana juyawa da tsinke, tana kankare baƙin da wata tsohuwar wuƙa wadda ƙotarta ta daɗe da ɓacewa. Mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi yana korar mana sauro yana kuma sa mu hawaye. Kullum ni ce a gefenta na dama, na jingina da kafaɗarta. Matanmu ba sa ɗora kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, cikin babbar ƙwarya, don Kaka ta ce kai yana da nasa nauyin, bai kamata a ƙara masa ba. Kafaɗarta ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, fatar wurin ta yi tauri ta yi baƙi. Har yau ina iya jin kaushinta a kumatuna.

Ba ta fara tatsuniya kamar yadda mahaifiyata ke farawa. Sai ta ƙwanƙwasa dutsen murhu da wuƙar nan sau uku, ta ce, "Baƙo na sallama."

Mu kuma mu ce, "Ya shigo, ga wuri."

Idan wani ya shagala da doya bai amsa ba, Kaka ba za ta ci gaba ba. Sai ta ɗaga kai ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Akwai bakin da ban ji ba." Ko da wutar za ta mutu, sai mai bakin nan ya haɗiye lomarsa ya amsa.

Tatsuniyoyinta da yawa na ban dariya ne, na kura da biri da wani malalacin manomi da ya auri 'yar ruwa. Amma akwai guda ɗaya da ba a dariya a cikinta, kuma na tuna ranar da na fara jinta, don ranar ce masu awo suka fara zuwa.

Da hantsi muna dawowa daga gona, ita a gaba da itace a kafaɗa, ni a baya, sai muka tarar da mutum uku a kan hanyar rafi. Sun kafa wani abu mai ƙafa uku, ɗaya ya liƙa ido a jikinsa, ɗaya yana rubutu, ɗaya yana can nesa riƙe da doguwar sanda mai zane. An daɗe ana raɗe-raɗin gwamnati za ta tashi daga Legas ta dawo tsakiyar ƙasa, amma mu ba mu ɗauka tsakiyar ƙasar ita ce hanyar rafinmu ba. Kaka ta ratse gefe cikin ciyawa yadda ake yi wa baƙo, ta ɗan rusuna da kayanta, ta ce, "Sannunku da aiki."

Babu wanda ya tanka. Ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Mai leƙen bai ko cire idonsa ba, sai ya kaɗa hannu yadda ake kora kaza, ashe ta tare masa sandar. Kaka ta matsa. Ta daɗe a tsaye tana kallonsu, sannan ta sunkuyar da kai ta dubi hannunta, ta juya shi gaba da baya. Sannan ta gyara kayanta muka kama hanyar gida.

Da yamman nan, kafin ta ƙwanƙwasa dutse, ta juyo ta ce mini, "Takwara, kana ganina?"

Na ce, "Ina ganinki mana, Kaka."

Ta ce, "To." Sannan baƙo ya yi sallama.

Ta ce a bayan dutsenmu an taɓa yin gari, babba, mai ƙofa da kasuwa. Mutanensa maginan tukwane ne, kuma masu doguwar gaisuwa. Idan biyu suka haɗu a hanya sai an tambayi gida da yara da awaki da gajiyar jiya, har kafaɗa ta fara zafi. Ana nan sai fatake suka canza hanya suka riƙa bi ta kusa da garin, tukwane suka yi daraja. A garin akwai wani mutum mai hanzari. Shi ne ya zauna ya yi tunani ya ga gaisuwa tana cinye masa safiya. Ya fara da gajarta ta. Daga nan ya koma ɗaga gira. Daga nan ya daina gaba ɗaya, ya riƙa wucewa kamar bai ji ba. Kullum shi ne na farko a zangon fatake, shi ne na farkon sayarwa. Mutane suka ga ya yi shanu ya yi sabon rufi, sai suka bi sahunsa.

A ƙofar garin akwai wata tsohuwa da ke zama a gindin ɗorawa tana kaɗi. Ba ta da kowa, aikinta ke nan, duk wanda zai fita ta ce masa a dawo lafiya, duk wanda ya dawo ta yi masa sannu da zuwa. Yanzu sai ta yi gaisuwa hamsin ba ta sami amsa ɗaya ba. Inuwarta ce ta fara yin shara-shara. Wata rana wata yarinya ta ja zanen uwarta ta ce tana hango kututturen ɗorawa ta cikin ƙirjin tsohuwar, uwar ta ce ta yi sauri, fatake za su tashi. Bayan wani lokaci sai tabarma kawai ake gani, da ɗan lotsawa a tsakiya, da mazari yana juyawa shi kaɗai, da murya siririya tana cewa sannu da zuwa. Daga baya muryar ma ta ɗauke.

A nan Kaka takan dakata ta juya doya. Mu kuwa babu mai motsi. Ni har sai na ƙara matse kafaɗarta don na tabbatar tana nan.

Bayan tsohuwar sai sauran tsofaffi, sai marasa lafiya, sai waɗanda ba su da abin sayarwa. Daga nan abin ya shiga gidaje. Magidanci ya dawo ba sallama, ya zauna, ya ga akushi ya sauka a gabansa ba tare da ya ga hannun da ya ajiye ba. Ya ci, ya ƙoshi, bai tambaya ba. Uwa ta ga goyonta ya yi sauƙi a baya, ta ce ai gara. Haka aka yi ta tafiya, har wata safiya mai hanzarin nan ya farka ya fito ya ga babu kowa a garin. Da farko murna ya yi, ya ce yau ciniki nasa ne shi kaɗai. Sai ya ji daka. Ya leƙa, ga taɓarya tana hawa tana sauka, ba mai riƙe da ita. Ga hayaƙi a kowane gida. Ga ƙofofi suna buɗewa suna rufewa, ga ƙwarya tana tafiya a iska daidai tsayin kafaɗa. Tsoro ya kama shi, ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce, "Sannunku." Ya faɗa har muryarsa ta dushe. Babu wanda ya amsa, don shi ma babu mai ganinsa.

Kaka ta ce, "Suna nan har yanzu. Kowa yana tsammani shi kaɗai ya rage. Ko mutuwa bai same su ba, don mutuwa ma sai ya ga mutum yake ɗauka."

Wani daga cikinmu ya fara kuka. Ni kuwa sai a lokacin na gane wani abu da na daɗe ina gani ban san dalilinsa ba. A bayan dutsen akwai kufai, tarin ƙasa da fasassun tukwane da wata tsohuwar ɗorawa. Duk mutumin ƙauyenmu da zai wuce ta wurin, babba ko yaro, sai ya rage tafiya ya ce, "Yawwa, sannu," ko ya ce, "Lafiya lau." Ba gaisuwa ake yi wa kufan ba, amsa ake ba shi, alhali ba wanda ya yi magana. Babana mai salla yana yi, gwaggona mai zuwa coci tana yi, babu wanda ya taɓa cewa addininsa ya hana.

Na ce, "Kaka, ba su da magani ke nan?"

Ta ce, "Akwai. Wanda aka amsa masa zai dawo. Amma sai a wurin da ya yi gaisuwan, kuma sai amsa ya faɗo daidai lokacin da yake yi. Shi ya sa muke amsawa in za mu wuce. Wa ya sani, ko wani yana gaishe ka."

Ta ce uwarta ta ba ta labarin wani maharbi da ya dace. Ya ce "yawwa" kawai, sai ga mutum a gabansa sanye da fata irin ta mutanen da. Mutumin ya roƙi ruwa, ya sha, ya yi ta gaishe da duk wanda ya gani yana kuka, kafin faɗuwar rana ya cika. Aka binne shi kamar kowa.

Da ta sallami baƙon tatsuniya sauran yara suka watse, ta riƙe hannuna. Ta ce, "Takwara, ni tsoho ne. In na gaishe ka, ka amsa. Ko kana fushi, ko bakinka da abinci, ka amsa." Na yi mata alkawari, har da rantsuwa irin ta yara.

Masu awo suka dawo da turaku masu jan fenti. Bayan turaku sai katafila, bayan katafila sai manyan motocin da suka kwashe mu zuwa wajen Bwari, inda aka jera mana ɗakuna masu kwano a layi. Ranar tashi Kaka ta bi rumbuna da murhu da kabarin mijinta ta yi wa kowanne sallama, direba yana ta danna ham. Muna cikin mota muka hango katafila ta zagaya bayan dutse, ɗorawar kufai ta karkata ta faɗi. Babana ya ce, "To, mutanen bayan dutse ma an tashe su." Wasa yake yi, don ya sa ta dariya.

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Su ba a kawo musu mota ba. Cikin sabon garin za su zauna. Wa zai gane su?"

A sabon wurin ma ta ci gaba da hura wuta, ko da yake jikokin sun ragu, wasu iyayensu sun tafi Karmo neman aikin lebura. Tambayar nan tata ta zama wasanmu. Kowace yamma sai ta ce, "Takwara, kana ganina?" ni kuma na ce, "Ina ganinki, har da haƙorin nan naki guda ɗaya." Ta kai mini duka da zani, mu yi dariya. Amma na lura ba ta taɓa tsallake yamma ɗaya ba ta tambaya ba.

Na yi makaranta, na koyi buga tafireta. Lokacin da ma'aikatu suka fara kwasowa daga Legas na sami aiki a ɗaya daga cikinsu, na kama ɗaki a cikin gari tare da wata ƙawata. Ofishinmu yana kallon dutsenmu, ta tagar bene ina hango shi, amma ban taɓa gaya wa kowa ba. A ofis mutane daga ko'ina suke, kuma abin dariyar da ya haɗa su shi ne matan ƙauye masu kaya a kafaɗa. Idan an gaji da aiki sai wani ya ɗora fayil a kafaɗa ya karkace yana tafiya, a yi ta shewa. Da aka tambaye ni garinmu na ce Suleja. Rabin gaskiya ce, kuma na zauna a kanta daram. Babbarmu a ɗakin tafireta, Anti Rabi, ta ɗauke ni kamar ƙanwa, ita ta koya mini ɗaurin ɗankwali da tafiya da dogon takalmi. Ina sonta, ina kuma tsoron ranar da za ta san daga inda na fito.

Wata Laraba da rana muka fito cin abinci, mu huɗu. Na yi wata uku ban je gida ba. Muna isowa bakin get sai na gan ta. Tana tsaye jikin ginshiƙin hagu, da ƙwarya a kafaɗa cike da sabuwar doya, da silifas ɗin roba, ƙafafunta sun yi jawur da ƙasa. Daga baya na ji ta biyo motar mata masu kawo doya ne tun da safe, mai gadi ya hana ta shiga, ta ce za ta jira.

Da ta gan ni fuskarta ta washe, haƙorin nan guda ya fito. Ta ratse gefe ta ba mu hanya, ta ɗan rusuna, ta ce, "Takwara, sannu da aiki."

Anti Rabi ta ce, "Laraba, kin san ta ne?"

Ba zan ce ban ji ba, ba zan ce na ruɗe ba. Na ji, kuma na san abin da nake yi. Na ɗaga idona na sauke shi a bayan kafaɗarta, a kan dutsen, kamar ina duba ko hadari ya haɗo.

Ta sake cewa, a hankali, "Takwara, ina gajiya?"

Na wuce. Ɗaya daga cikinmu ta ce, "Masu doyan nan, kowa suka gani kwastoma ne." Aka yi dariya, ni ma na yi. Da muka ɗan yi nisa na saci waiwaye. Ba ni take kallo ba, hannunta take dubawa.

Ban iya cin abincin ba. Na ce cikina ne, na riga su dawowa, ina shirya abin da zan faɗa mata. Na tarar da ƙwaryar a ƙasa jikin ginshiƙi, doya a jere, ba kowa.

Mai gadi ya ce, da Hausarsa irin ta Kaka, "Madam, wani mama ya ajiye wannan, ya ce na Laraba ne."

Na ce, "Ina take?"

Ya dubi dama ya dubi hagu. Titin a miƙe yake, ana hango nesa ta kowane gefe. Ya ce, "Wallahi yanzu-yanzu yana nan tsaye. Ban ga tafiyansa ba."

Kunya ta hana ni zuwa gida har mako biyu. Da na je na same ta a bakin wuta, da ranta, tana juya doya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa mini tsaf, ta tambayi aiki da oga da ƙawar da muke ɗaki ɗaya, ba ta bar komai ba. Ba ta gaya wa babana ba, ba ta gaya wa kowa ba. Na zauna a gefenta na dama ina jira ta yi mini tambayarmu. Wuta ta ci ta cinye ba ta yi ba.

Na ce, "Kaka, ki yafe mini."

Ta ce, "Na me?"

Na ce, "Ranar nan, a bakin get."

Ta daɗe tana kankare doya. Sannan ta ce, ba da fushi ba, "Ni ba abin da ka yi mini. Wanda ya gaishe ka ba ya nan. Yana can inda ka bar shi."

Daga ranar ba ta sake riga ni gaisuwa ba, ba ta kuma sake tambayata ko ina ganinta ba. Ta riƙa ƙanƙancewa. Na san tsufa ne, kowa ya ce tsufa ne. Amma da kunnena na ji gwaggona ta fito tsakar gida tana cewa "Ina Kaka ta shiga?" alhali tana zaune a gabanta a kan tabarma. Kafin wata sabuwar doyar ta fito ta rasu. Matan da suka yi mata wanka sun ce da suka ɗaga ta kamar sun ɗaga busasshiyar ƙwarya.

Yanzu ni ma na tsufa, na yi ritaya, na fi ta shekaru a ranar da masu awo suka zo. Garin da aka gina a kan gonakinmu ya cika ya batse. Ina shiga motar haya na ce "Sannunku," sai na ji muryata ta faɗi ƙasa ita kaɗai, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. A layin asibiti wani zai taka ki ya wuce, idan kika yi magana ya dube ki kamar ke kika taka shi. Mai kanti ya miƙo miki kaya idonsa yana wani wuri. Gaisuwar ba ta mutu ba, sama kawai take kallo. Oga yana fitowa daga mota zai sha "ranka ya daɗe" goma kafin ya kai ƙofa, bai amsa ko ɗaya ba, mai sharar da ta goge inda zai taka kuwa ba wanda ya ce mata ci kanki. Ba na faɗar wannan da bakin mai gaskiya. Na yi shekaru a bayan tebur ina cewa "ajiye a nan" ban ɗaga kai ba, kuma da yawan waɗanda na yi wa haka sun girmi babana.

'Yata takan ce, "Mama, nan fa birni ne. Wanda ya cika gaishe ki wani abu yake nema, ko ɓarawo ne." Na san tana da hujja, mutane sun ga abin tsoro a motocin garin nan. Amma wani lokaci da la'asar, idan ina kan gadar masu tafiya a ƙasa, sai na tsaya na kalli jama'a. Dubban mutane suna gogar kafaɗar juna, kowa yana tafiya kamar shi kaɗai ya rage a duniya. Sai maganar Kaka ta cikin mota ta dawo mini. Ban sani ba ko mutanen bayan dutse ne suka shigo cikinmu, ko mu ne muka koma su.

Tun shekarar da ta rasu nake komawa bakin get ɗin nan kowace Laraba da rana. Ma'aikatar ta tashi daga ginin, wasu sun shiga, an canza get ɗin sau biyu, amma ginshiƙin hagu yana inda yake. Nakan tsaya a gabansa na rage murya na ce, "Yawwa Kaka, sannu. Ba gajiya." Sai na ɗan jira. Masu gadi sun sha canzawa. Wasu sun ɗauke ni mai taɓin hankali, wasu suna ba ni benci, akwai wanda ya taɓa tambayata da wa nake magana, na ce masa amsa nake bayarwa, ya gyaɗa kai kamar ya gane. Ban taɓa jin komai ba sai ƙarar motoci. Na san an binne Kaka a Bwari, ni na zuba mata ƙasa da hannuna. Amma ita ta gaya mini inda na bar ta, kuma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Larabar da ta wuce na tarar da sabon mai gadi, saurayi, da waya a kunne. Na ce, "Sannu da aiki, ɗana." Bai tanka ba. Na sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Ya ɗago, idonsa ya bi ta saman kafaɗata ya sauka a bayana, ya kaɗa hannu na matsa, ashe mota ce za ta shiga. Na matsa. Sai da motar ta wuce na farga ina duba hannuna, ina juya shi gaba da baya.

A da nakan lallashi kaina cewa idan ban dace ba har na dusashe, aƙalla zan same ta a can mu tsaya tare. Ranar nan na tuna tatsuniyar da kyau. Waɗanda suka ɓace ba sa ganin juna. Lokacin da ya rage mini shi ne wanda ake ganina a cikinsa, kuma ban san yawansa ba.

Na koma jikin ginshiƙin, na ba da amsata, na jira fiye da yadda na saba. Sannan na ƙara abin da ba ta sake tambayata ba. Na ce, "Ina ganinki, Kaka." Na daɗe a tsaye, ban ji komai ba. Laraba mai zuwa zan fito da wuri, ko tun da safe take farawa.